Wa Ya Isa A Kira Shi Gwani A Kiɗan Hafsikod?

Hafsikod yayan fiyano ne, sai dai shi fizgar tsirkiya yake yi, fiyano kuwa bugun ta yake yi da 'yar guduma. Masu tsara littattafan tarihin kiɗan Turai sukan auna gwanayensa da yawan abin da aka buga ko aka rubuta a kansu. Ni dai ban yarda da wannan mudu ba.

Ku dubi Domenico Scarlatti. Ya bar kiɗa 555, amma kaɗan ne aka buga yana raye; sauran suna rubuce da hannu a fadar Sarauniyar Sifen. Da an auna shi ran da ya mutu a 1757, da an tauye shi. Ga kuma Elizabet Jake da La Ger, Bafaranshiyar da ta buga littafin kiɗanta a 1687. Sarki Luwi na 14 ya girmama ta, daga baya aka manta da ita shekaru aru-aru. Gwanintarta ce ta ragu? A'a, masu rubutu ne suka kau da kai.

A ganina tambaya ɗaya ce ta isa: bayan mutum, hannun makaɗa ya sauya? Da wannan ma'auni Wanda Landoska ta wuce gardama. Ta tarar fiyano ya ture hafsikod gefe, ta dawo da shi dandali, ta naɗi Goldberg na Bach da shi a 1933. Wanda ya tara faifai ɗari, ba wanda ya koyi komai a wurinsa, ya jira tukuna.