Kwandon Zulu: Shin Zane Magana Ne?

Kabilar Zulu ta lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu ta yi suna wajen saƙar kwando, musamman matan yankin Hlabisa. Da kabar wata bishiya mai suna ilala suke saƙa, ita kuwa 'yar'uwar goribarmu ce. Sukan rina kabar da saiwoyi da ɓawon itatuwa. Akwai ukhamba, kwando mai murfi da ake zuba giyar dawa, wanda saƙarsa ke da matsi, har in kabar ta jiƙa ta kumbura ba ya yoyo. Akwai kuma imbenge, mai kama da faifai, na rufe bakin tukunya.

Inda nake da ja shi ne fassarar da 'yan kasuwa ke yi wa zanen. Sukan ce zane mai kusurwa uku biyu da suka haɗa tsini magidanci ne, in sun haɗa gindi kuwa matar aure ce, layi mai zarya kuma mashin Sarki Shaka ne, wanda ya rasu a 1828. Mai saye sai ya ɗauka wani daɗaɗɗen rubutu ya samu.

To amma tarihi bai goyi bayan wannan ɗauka ba. A da, maza ne masaƙa, kuma yawancin kwandunansu ba su da adon launi sosai. Da mazan suka tafi ƙwadago a birane da mahaƙar ma'adinai, kwanon ƙarfe da roba suka shigo, sana'ar ta kusa mutuwa. Ƙungiyar Vukani da aka kafa a 1972, da taimakon wani ɗan mishan na ƙasar Suwidin, Kjell Lofroth, ita ta farfaɗo da ita, ta nemo wa mata kasuwa. Ashe yawan adon da muke gani yau ɗan zamani ne.

Wannan bai rage wa kwandon daraja ba. Abin da ke rage masa daraja shi ne a mayar da aikin gwanaye irin su Reuben Ndwandwe da Beauty Ngxongo tamkar kacici-kacici mai amsa guda, a manta da lissafin ɗinki da daidaiton launi, inda gwanintar take.

Mu manazarta adabi, a nan darasinmu yake. Kafin mu ce alama kaza na nufin kaza, mu fara tambaya: wa ya faɗa, yaushe, kuma wa ake son ya saya?