Littafin da Ya Fito da Martabar Buzuzu

Kai, wannan littafi ya yi! The Other Insect Societies, na Farfesa James T. Costa, wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga da Turanci a 2006, ya cancanci jinjina. Kowa ya san zaman tarayyar ƙudan zuma da tururuwa da gara. Costa ya tsallake su, ya nufi ƙwarin da aka raina, kuma abin da ya rubuta kan dangin buzuzu ne ya tafi da ni gaba ɗaya.

Mu a Maigatari, inda kara ke cika da shanu duk Alhamis, wa bai taɓa ganin buzuzu da damina yana fama da kashin shanu ba? Ashe gida yake kafawa! A jinsin Copris, miji da mata ke haƙa rami tare su tara kashin. Matar ta mulmula shi dunƙule-dunƙule, ta sa ƙwai ɗaya a kowanne, ta zauna tana gadi tana gyara har 'ya'ya su fito.

Na Turai da Amurka, Nicrophorus, sun fi ban mamaki. Su binne mushen ɓera, su tuge gashin, su riƙa ɗura wa 'ya'yansu nama baki da baki. In mushen babba ne, mata biyu ko fiye su yi ƙwai a kansa, su yi reno tare kamar kishiyoyi a gida guda, mai ƙarfi ta fi yawan 'ya'ya. A Ostireliya kuwa, cikin itacen turare, akwai wanda masana suka bayyana irin zamansa a 1992: uwa ɗaya ke ƙwai, 'ya'yanta mata su haƙura da haihuwa, su tsare rami. Allah mai iko!

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dalilin ke fitowa fili. Abinci mai daraja ne, masu neman sa da yawa, ɗaya ba zai iya tsare shi ba. Daga nan reno ya faro, daga reno zaman tare.

Malaman kimiyyar halittu na Kwalejin Ilimi ta Gumel, don Allah ku nemi littafin nan, ku fita da ɗalibai zuwa makiyaya da damina. Manoma kuma ku bar buzuzu ya yi aikinsa, taki yake binne muku kyauta.