Jinjina ga Ma'aikatan Safiyo da Rajistar Filaye

Duk takardar mallakar fili da ke ajiye a ƙasan akwati, gumin wasu ne ya samar da ita. Kafin a sa mata hannu, ma'aikacin safiyo ya sha rana da ƙaya yana awo, ya kafa duwatsun iyaka a kusurwoyi, ya zana taswirar da ke nuna inda filin wane ya tsaya, na maƙwabcinsa ya fara.

Daga nan aiki ya koma hannun ma'aikatan rajista. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a Najeriya amana a hannun gwamna, takardar da ake bayarwa ta izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jingina sai da amincewarsa. Ma'aikatan rajistar ne ke bin fayil shafi-shafi, su tabbatar ba a sayar wa mutum biyu fili ɗaya ba, ba a kuma jinginar da shi a banki a ɓoye ba. A Abuja, hukumar AGIS ta mayar da irin waɗannan bayanai cikin kwamfuta.

Albarkacin haƙurinsu maraya ke riƙe gidan mahaifinsa, ɗan kasuwa ya samu bashin banki, alƙali ya raba gardama da hujja. Da babu su, da rigimar iyaka ta raba zumunta da yawa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara musu riƙon amana.