Hikayar Mulan Tsakanin Sin da Amurka: Nazarin Sauyin Jigo a Majigin Zane

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba abin da kan sami hikayar gargajiya idan baƙo ya ɗauke ta ya mai da ita majigi. Za mu ɗauki misali da fim ɗin zane mai suna Mulan, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1998.

Asalin Hikayar

Tushen labarin wata waƙa ce ta Sinawa da ake dangantawa da zamanin daular Wei ta Arewa, wadda aka kafa a shekarar 386. A cikinta, sarki ya nemi kowane gida ya ba da namiji don yaƙi. Mahaifin Mulan ba shi da babban ɗa, sai ta sayi doki da sirdi, ta yi bankwana da iyayenta, ta tafi a madadinsa. Ta yi shekara 12 a fagen fama ba wanda ya gane mace ce. Da aka yi mata tayin muƙami sai ta ƙi, ta roƙi a bar ta ta koma gida. Babban jigo a nan shi ne biyayya ga iyaye.

Sauye-sauyen Majigi

A fim kuwa, Mulan ta sulale ne da dare ba da sanin iyayenta ba, bayan ta kasa a gaban mai haɗa aure. Ke nan an ƙara wani jigo, wato neman sanin kai, wanda Amurkawa ke ɗaukakawa. Asirinta ya tonu da ta sami rauni, kuma aka shigo da soyayyarta da Li Shang, wanda babu shi a waƙar.

Sai kuma Mushu. Dabbar almarar nan da Sinawa ke kira Lung alama ce ta sarauta da ruwan sama, amma aka mai da ita ɗan ƙaramin kakaci da muryar Eddie Murphy. Da kamfanin ya sake fim ɗin da mutane a 2020, sai ya cire shi.

Kammalawa

Ba za a musa cewa zanen ya ari laushin zanen Sinawa ba, kuma ya kai sunan Mulan inda waƙar ba ta kai ba. Sai dai tufafi da gine-gine na Sin ne, zuciyar tauraruwar kuwa ta Amurka ce. Haɗarin shi ne yaron da ya fara da majigin zai ɗauka shi ne asali. Wajibi ne manazarta su riƙa ajiye waƙar kusa da fim ɗin, domin kowa ya ga abin da aka ƙara da abin da aka zubar.