Jinjina ga Maƙeran Leica na Wetzlar

Haƙiƙa ya wajaba a yaba wa maƙeran kyamarar Leica na birnin Wetzlar a ƙasar Jamus, waɗanda tun daga 1914, lokacin da Oskar Barnack, wanda ciwon asma ya sa manyan akwatunan hoto suka yi masa nauyi, ya ƙera 'yar ƙaramar kyamararsa, ba su gushe ba suna gadon hikimarsa hannu da hannu. Asirin kyamararsu samfurin M, wanda ya bayyana a 1954, yana cikin tagar leƙawa: sura biyu mai ɗaukar hoto yake gani, yana murza zoben gilashi sannu a hankali har su haɗu su zama ɗaya, sa'an nan ya sakankance nisa ya daidaita, saita ƙananan maduban da ke haifar da haka kuwa aiki ne na ido da haƙuri. A 2012 suka haɗa kai da kamfanin Hermès na Faransa, suka fitar da wani jerin kyamarori guda 100 kacal, kowacce da gilasai uku da jaka ɗinkin hannu. Abin da ke sosa mini rai shi ne irinsu kan ƙare a taskokin mawadata, alhali domin tafiye-tafiye aka yi su.