Jinjina ga Masu Ɗaukar Yara Hoto a Ɗan Issa

Ranar Salla a Ɗan Issa, garin iyaka da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ba mai shan wahala kamar mai hoto. Babba in an ce ya tsaya, zai tsaya. Yaro kuwa, kana ɗaga kyamara ya waiga yana kallon amalanke, ko wasu su kutso kowa na cewa "Ni ma a ɗauke ni!"

Ga kuma rana. In ta take, sai ta zuba inuwa cikin idon yaro, ya yamutsa fuska. Farar shadda ma tana ruɗa kyamara, ta rage haske saboda rigar, fuska ta yi duhu. Shi ya sa gwanayen ke jan yara gindin darbejiya, ko su jira la'asar. Da hunturu kuwa, kullum suna cikin goge ƙura daga gilashi.

Abin da ya fi burge ni durƙuson nan ne. Magidanci guda ya kai gwiwa ƙasa don ya daidaita da tsayin yarinya, ya ce, "Hajiya ƙarama, nuna mini lallen nan." Sai kunya ta sake ta, ta miƙo tafi tana murmushi, ya danna. Wannan haƙurin ba kowa ke da shi ba.

Wayoyin Tecno da Itel sun rage musu ciniki sosai. Duk da haka na kirkinsu ba sa ɗaukar ɗan kowa sai da yardar iyaye, kuma ba sa watsa shi a Facebook. Allah ya sa albarka a sana'arsu.