Babi Na Huɗu: Sharhi a Kan Adawar Majalisar Dokokin Amurka da Ikon Shugaban Ƙasa na Ɗora Kuɗin Fito

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi sharhi ne a kan adawar da wasu 'yan Majalisar Dokokin Amurka suka nuna tsakanin 2018 da 2026 game da yadda Shugaba Donald Trump ya yi amfani da ikon ofishinsa wajen ɗora kuɗin fito, wato harajin da ake karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Za a auna hujjojin 'yan majalisar da abin da masana tattalin arziki suka gano, sannan a auna ayyukansu da maganganunsu. Abin da babin zai nuna shi ne, hujjar 'yan adawar tana da ƙarfi, amma hanyar da suka bi ba ta kai ƙarfin hujjar ba.

4.1 Yadda Ikon Ya Bar Hannun Majalisa

Sashe na 8 na Babi na 1 na tsarin mulkin Amurka ya ba Majalisar Dokoki ikon ɗora haraji da kuɗin fito da kuma tsara ciniki da ƙasashen waje. Bai ba shugaban ƙasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka duk ikon da shugaba yake da shi a wannan fanni aro ne majalisa ta ba shi, kuma akwai dalilin da ya sa ta ba shi.

Dalilin kuwa shi ne Dokar Smoot-Hawley ta 1930. Wannan doka majalisa ce ta rubuta ta da kanta, kaya bayan kaya, har ta shafi nau'in kaya fiye da 20,000. Masana tattalin arziki 1,028 suka sa hannu a takardar roƙon Shugaba Herbert Hoover da ya ƙi amincewa da ita, amma ya sa mata hannu a watan Yuni na wannan shekara. Kanada da wasu ƙasashen Turai suka rama da nasu kuɗin fiton. Schattschneider (1935), wanda ya yi nazarin zaman sauraren bahasi da aka yi a kan dokar, ya nuna yadda masu masana'antun da za su amfana suka cika zauren, alhali masu sayen kaya, waɗanda su ne za su biya, ba su da mai magana da yawunsu. Kowane ɗan majalisa ya goyi bayan kare kayan mazaɓar ɗan'uwansa domin shi ma a kare nasa, wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Bayan wannan ne, a 1934, majalisa ta zartar da dokar yarjejeniyar ciniki ta ba-ni-in-ba-ka, wadda Sakataren Harkokin Waje Cordell Hull ya tsaya mata. Dokar ta ba shugaba damar rage kuɗin fito har da kashi 50 cikin ɗari ta hanyar yarjejeniya da wasu ƙasashe, ba tare da ya komo majalisa ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Sashe na 232 na Dokar Faɗaɗa Ciniki ta 1962 ya ba shi ikon taƙaita shigo da kaya da sunan tsaron ƙasa. Dokar Ciniki ta 1974 ta ƙara masa sashe na 122 da na 201 da na 301. A 1977 kuma aka yi dokar ikon tattalin arziki a lokacin ta-ɓaci, wadda aka fi sani da IEEPA.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a wannan tarihi. Na farko, an gina aron ikon ne a kan zaton cewa shugaban ƙasa, tun da ƙasa duka ce mazaɓarsa, zai fi ɗan majalisa son sassauta ciniki. Wannan zato ya yi aiki na shekaru fiye da tamanin, amma zato ne kawai, ba a rubuta shi a matsayin sharaɗi ba. Na biyu, ana yawan yabon wannan tsari da cewa shi ya sauko da matsakaicin kuɗin fito daga kusan kashi 59 cikin ɗari a 1932 zuwa kimanin kashi 5 a ƙarshen ƙarni. Irwin (1998) ya rage wa wannan yabo kaifi, domin ya nuna cewa da yawa daga cikin kuɗin fiton wancan zamani ƙayyadadden kuɗi ne a kan awo, ba kaso na farashi ba, don haka hauhawar farashi ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa ita ce ta cinye babban ɓangarensa. Ke nan ribar da ake danganta wa miƙa iko ga shugaba ba duka ba ce tasa.

4.2 Hujjar Tattalin Arziki

Babbar hujjar 'yan adawa ita ce kuɗin fito haraji ne a kan Amurkawa, ba a kan baƙi ba, don haka bai kamata mutum ɗaya ya ɗora shi ba. Gwamnatin Trump kuwa ta dage cewa ƙasashen waje ne suke biya. A nan bincike ya fi karkata ga 'yan majalisar. A watan Maris na 2018 aka ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan ƙarfe da kashi 10 a kan alminiyam, daga baya aka bi kayan ƙasar Sin. Amiti da Redding da Weinstein (2019) sun bi diddigin farashi a bakin iyaka, suka gano cewa kusan dukkan nauyin ya faɗa ne a kan 'yan kasuwar Amurka masu shigo da kaya da masu saye a hannunsu. Fajgelbaum da abokan aikinsa (2020) su ma abin da suka gano ke nan.

Misalin injin wanki ya fi fito da abin fili. Bayan kuɗin fiton da aka ɗora masa a farkon 2018, Flaaen da Hortaçsu da Tintelnot (2020) sun gano farashinsa ya tashi da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Abin mamaki, injin busar da tufafi ma, wanda ba a ɗora masa komai ba, ya tashi da kusan haka, saboda tare ake sayen su. An samu sababbin guraben aiki kimanin 1,800, amma kowane gurbi ɗaya ya ci wa masu saye kusan dala 815,000 a shekara. Manoma kuma su suka sha ramuwar gayya: a watan Yuli na 2018 Sin ta ɗora kashi 25 a kan waken suyar Amurka, har sai da gwamnati ta biya manoma tallafi na fiye da dala biliyan 20 a 2018 da 2019.

Duk da haka akwai gyara a yadda 'yan adawar suke amfani da wannan hujja. Binciken ya tabbatar da wanda yake biya, amma bai tabbatar da cewa majalisa za ta fi shugaba hikima ba in ikon ya komo hannunta. Tarihin 1930 akasin haka ya nuna. Haka kuma ba kowane mai adawa ba ne yake ƙin kuɗin fito shi kansa. Gwamnatin Joe Biden ta bar mafi yawan na Sin yadda ta same su, har ta ɗaga na motoci masu lantarki zuwa kashi 100 cikin ɗari a 2024, kuma ba a ji wani ƙorafi mai ƙarfi daga jam'iyyarsa ba. Hujjar da ta fi tsayawa da ƙafafunta ba ta farashi ba ce, ta alhaki ce da tabbas. Harajin da aka yi muhawara a kansa, kowa ya jefa ƙuri'a da sunansa, mai zaɓe ya san wanda zai tuhuma. Mai masana'anta kuma zai iya yin lissafin shekara biyar. Wanda ake sanarwa yau a janye jibi kuwa, kamar na ranar 2 ga Afrilu 2025 da aka dakatar da mafi yawansa ranar 9 ga wata, yana hana zuba jari ko da bai daɗe ba.

4.3 Abin da Majalisa Ta Yi da Wanda Ba Ta Yi Ba

A nan ne raunin adawar ya fi bayyana. A watan Yuli na 2018 Majalisar Dattawa ta amince, da ƙuri'a 88 da 11, cewa ya kamata majalisa ta sami ta cewa a kan sashe na 232. Sai dai ƙuduri ne na bayyana ra'ayi wanda bai ɗaure kowa ba. Ainihin daftarin dokar da Sanata Bob Corker ya kawo don gyara sashen bai kai ga zama doka ba.

A 2025 shugaban ya koma ga dokar IEEPA, wadda babu shugaban da ya taɓa ɗora kuɗin fito da ita, ya ayyana ta-ɓaci a kan safarar ƙwayar fentanil, daga baya kuma a kan giɓin ciniki. Sanatoci suka ɗauki hanyar soke dokar ta-ɓacin. Ranar 2 ga Afrilu ƙudurin Sanata Tim Kaine a kan Kanada ya wuce da 51 da 48, da goyon bayan 'yan jam'iyyar shugaban guda huɗu: Mitch McConnell da Susan Collins da Lisa Murkowski da Rand Paul. Ranar 30 ga Afrilu ƙudurin da ya shafi kuɗin fiton duniya baki ɗaya ya faɗi, aka yi kunnen doki 49 da 49, domin sanatoci biyu da ake sa ran za su goyi bayansa ba su halarta ba. A ƙarshen Oktoba ƙudurori uku suka wuce a jere: na Birazil da 52 da 48, na Kanada da 50 da 46, na duniya da 51 da 47.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauke ko kashi ɗaya na kuɗin fito, kuma masu jefa ƙuri'ar sun san haka tun kafin su jefa. Dokar ta-ɓaci ta 1976 da farko ta ba majalisun biyu damar soke ta-ɓaci da rinjaye mai sauƙi, ba tare da sa hannun shugaba ba. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Chadha a 1983 ya rushe irin wannan hanya, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 1985 ya sa dole ƙudurin ya je teburin shugaba. In ya hau kujerar na-ƙi, sai an sami kashi biyu bisa uku a kowace majalisa. Wato ikon da aka bayar da rinjaye mai sauƙi ba ya karɓuwa sai da rinjaye mai wuya. Majalisa ta yi kusan shekaru arba'in tana sane da wannan giɓi ba ta toshe shi ba, don haka ƙuri'un 2025 sun yi kama da ihu bayan hari.

Majalisar Wakilai ma ta wuce nan. Dokar ta tanadi cewa dole a kawo irin wannan ƙuduri zaure cikin kwanaki ƙayyadaddu. A watan Maris na 2025 shugabannin majalisar suka shigar da wata ƙa'ida da ta ce sauran kwanakin zaman shekarar ba za a ƙirga su a matsayin kwanaki ba game da wannan ta-ɓaci. Majalisar da ta dakatar da kalanda don kada mambobinta su jefa ƙuri'a ba za a ce an ƙwace mata iko ba. Ita ce ta ƙi karɓa. Sai a watan Fabrairu na 2026, bayan wannan kariya ta ƙare, ta amince da ƙudurin Kanada da 219 da 211.

Matakin da ya taɓa tushen matsalar shi ne daftarin Sanata Maria Cantwell da Sanata Chuck Grassley na Afrilu 2025. Ya nemi shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48, kuma duk sabon kuɗin fito ya mutu bayan kwana 60 in majalisa ba ta amince ba. Hikimarsa ita ce ya juyar da nauyin: shirun majalisa ya zama ƙi, maimakon ya zama yarda. Bai mayar da majalisa ga rubuta jadawalin kaya irin na 1930 ba, kuma bai bar shugaba shi kaɗai ba. 'Yan jam'iyyar shugaban guda bakwai suka sa masa hannu, fadar shugaban ta yi barazanar hawa kujerar na-ƙi, shugabannin Majalisar Dattawa kuma ba su kawo shi zaure ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Idan aka duba lokutan da gwamnati ta ja da baya a 2025, za a ga ba majalisa ce ta tura ta ba. Dakatarwar 9 ga Afrilu ta biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari da girgizar kasuwar takardun bashin gwamnati. Cire kuɗin fito daga kofi da naman shanu da ayaba a watan Nuwamba ya biyo bayan kukan tsadar abinci. Hukunci a kan ainihin ikon kuwa daga kotu ya fito, kuma ƙananan kamfanoni ne da wasu jihohi suka kai ƙarar, cikinsu har da Learning Resources, mai sayar da kayan wasan yara na koyon karatu a jihar Illinois. Ranar 20 ga Fabrairu 2026 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 da 3, ta yanke cewa dokar IEEPA ba ta ba shugaba ikon ɗora kuɗin fito ba. Hukuncin fassarar doka ɗaya ce kawai, bai taɓa sashe na 232 ko na 301 ba. A ranar da aka yanke shi shugaban ya sanar da sabon kuɗin fito na kashi 10 cikin ɗari a ƙarƙashin sashe na 122 na dokar 1974, wanda ya ba shi damar kaiwa kashi 15 na tsawon kwana 150 kafin ya bukaci amincewar majalisa.